Abin Da Gida Ya Koya Wa Yaro Jari Ne

An shirya wannan jawabi ne domin a karanta shi a azuzuwan manya, da majalisun ƙofar gida, da tarurrukan iyayen yara. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

 

Jawabin yau a kan wani yaro ne. Kusan kowane ƙauye yana da irinsa. Shi ne yaron da ya fara zuwa jami'a a gidansu. Ubansa bai yi boko ba. Uwarsa ba ta yi ba. Kakanninsa ma haka. Wani lokaci namiji ne, wani lokaci mace ce. A cikin wannan jawabi za a riƙa kiransa mai share hanya, domin ya bi hanyar da babu sawun wani nasa a kanta.

Ranar da ya sami gurbin karatu, gida ya cika da murna. Amma kowa ya san abin da aka sha kafin ya gama. An sayar da sa. An sayar da tunkiyar uwa. Wani gidan har gona aka jinginar. Bayan shekara 4 ko 5 ya gama, ya tafi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya, ya dawo da takardunsa cikin jaka. Sai aka zauna jiran aikin gwamnati. Wata 6 ya wuce. Shekara ta wuce. Shekara 2 ta wuce. Shiru kake ji.

To, a nan haɗarin yake. Abin ba shi kaɗai ya shafa ba. Ƙannensa suna kallonsa. Maƙwabta suna kallonsa. In ya ƙare a gindin bishiya, sai uba ya ce, me bokon ya tsinana? Daga nan sai a cire ƙanne daga makaranta. Ƙofar da aka sha wuya aka buɗe sai ta koma ta rufe. Saboda haka maganar mai share hanya magana ce ta gida duka.

Kayan Da Yake Ɗauke Da Su

Kafin a zarge shi, ya kamata a san nauyin da ke kansa.

Na ɗaya, ba shi da jagora. Ɗan ma'aikaci yana da wanda zai nuna masa yadda ake cika fom, da fannin da ya dace ya karanta. Mai share hanya da tambaya da tuntuɓe ya koyi komai.

Na biyu, rashin kuɗi. Sau da yawa yakan shiga aji da yunwa. Lokacin hutu yakan yi ƙwadago ko ya ja babur domin ya haɗa kuɗin rajista.

Na uku, jin kunya. Ya tarar da 'yan birni masu Turanci a baki da tufafi masu tsada. Wani sai ya fara ɓoye sunan ƙauyensu da sana'ar ubansa.

Na huɗu, ba shi da uwa a gindin murhu. Ba shi da kawu a ofis da zai miƙa masa takarda.

Na biyar, dogon buri na dangi. Tun bai sami ko kwabo ba, an riga an jera masa bukatu: kuɗin taki, kuɗin magani, kayan auren ƙanwa.

Waɗannan kaya suna da nauyi. Amma akwai wani abu da yake da shi wanda ɗan birni ba shi da shi. Ya san gona. Ya san dabba. Ya san kasuwar ƙauye da halin mutanenta. Ga labarin mutum uku da suka gane cewa wannan sani jari ne. Dukansu 'ya'yan ƙauye ne, kuma dukansu sun yi karatu mai zurfi.

Ɗan Makiyayi Daga Turkiyya

Na farko sunansa Hamdi Ulukaya. An haife shi a 1972 a wani ƙaramin gari mai suna Ilic, a gabashin ƙasar Turkiyya, kusa da Kogin Furat. Iyayensa Kurdawa ne makiyaya. Suna kiwon tumaki da awaki, suna yin cuku da kindirmo. In zafi ya shigo sai su kwashi dabbobi su hau tsaunuka neman ciyawa, kamar yadda Fulani ke tafiya da shanu. A irin wannan tafiya aka haife shi. Shi ya sa shi kansa ba shi da tabbacin ainihin ranar haihuwarsa.

Da ya girma ya tafi Jami'ar Ankara, babban birnin ƙasarsu, ya karanta ilmin siyasa. A 1994 ya tafi Amurka domin ya koyi Turanci. Dala 3,000 ce kawai a aljihunsa, kuma harshen mutanen bai zauna a bakinsa ba. Bayan 'yan shekaru ya koma karkarar Jihar Niyok. Can ya ɗauki darussan kasuwanci a jami'ar da ke Albany, yana kuma aiki a wata gona.

Wata rana mahaifinsa ya kai masa ziyara. Tsohon ya ɗanɗana cukun da ake sayarwa a can, bai yi masa daɗi ba. Sai ya shawarci ɗansa da ya shiga harkar cuku irin na gida. Ku duba, jama'a. Yaro ya ƙetare teku neman ilmi, ga uba yana mai da shi ga sana'ar ruga. Da wani ne, da ya ce an raina karatunsa. Hamdi ya ji maganar uba. A 2002 ya buɗe ƙaramar masana'antar cuku, ya sa mata sunan Kogin Furat. Shekarun farko sun yi masa tsanani ƙwarai. Da ƙyar abin da ke shigowa yake biyan abin da ke fita. Amma a nan ya koyi sayen madara, da biyan ma'aikata, da lissafin riba da faɗuwa.

Takarda Daga Kwandon Shara

A 2005 wata takardar talla ta zo ofishinsa. An rubuta cewa ana sayar da tsohuwar masana'antar kindirmo, da injunanta duka, a wani ƙauye mai suna South Edmeston. Babban kamfanin Kraft ne ya rufe ta bayan ta haura shekara 80 tana aiki. Ma'aikata 55 za su rasa abincinsu. Hamdi ya jefa takardar cikin kwandon shara. Jim kaɗan sai ya sake tunani, ya koma ya tsamo ta.

Ya je ya ga wurin da idonsa, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Gini ya tsufa, fenti ya ɓare. Kuɗin da aka sa mata Dala 700,000 ne. Lauyansa ya ba shi shawara kada ya saya. Hujjarsa ita ce, in da akwai alheri a wurin, babban kamfani ba zai bar shi ba. Amma Hamdi ya lura da abu biyu. Ya ga ma'aikatan suna rufe wurin cikin natsuwa da mutunci, alamar mutanen kirki ne da suka san aikinsu. Kuma ya san cewa kindirmon da ake sayarwa a kantunan Amurka tsararo ne, an cika masa sukari. Bai kama ƙafar wanda uwarsa ke yi a gida ba.

Ya nemi rance ta hannun hukumar gwamnatin Amurka mai taimakon ƙananan sana'o'i, ya saya. Ya ɗauki kaɗan daga tsofaffin ma'aikatan, ba su fi 5 ba. Aikin farko da suka yi shi ne shafa wa bango farin fenti. Ba su da kuɗin yin wani babban abu, amma ba su zauna ba.

Sannan ya ɗauko wani gwanin kindirmo daga Turkiyya mai suna Mustafa Dogan. Suka shafe kusan shekara 2 suna gwaji. A dama, a ɗanɗana, a zubar, a sake. Irin kindirmon da suke so shi ne wanda ake tace ruwan cikinsa har ya yi kauri. Sai an sa kofi 3 ko 4 na madara kafin a sami kofi ɗaya. Ya sayi injin tacewa na hannu, watau wanda wani ya taɓa amfani da shi, domin sabo ya fi ƙarfinsa. Ya sa wa kayansa suna Chobani. Kalmar ta fito ne daga sunan makiyayi a harshen ƙasarsu. Bai ɓoye asalinsa ba. A jikin kowane kofi ya rubuta shi.

A watan Oktoba na 2007 aka fitar da kaya na farko zuwa wani kanti. Manyan kantuna sukan nemi kuɗi kafin su ba sabon kaya wuri a kan kanta. Da yake ba shi da kuɗin, sai ya roƙa a bar shi ya biya da kindirmo. Lambar wayar da aka rubuta a jikin kofi domin masu ƙorafi, shi da kansa yake ɗauka. Ta haka ya riƙa jin abin da masu saye ke so. Kafin ƙarshen 2012, cinikin kamfanin a shekara ya kai Dala biliyan 1, watau miliyan dubu. A wannan shekara ya buɗe sabuwar masana'anta a Jihar Idaho, wadda a lokacin babu kamarta a girma a duniya wajen yin kindirmo.

Kada a ɗauka daga nan sai daɗi. A 2013 aka sami fumfuna a cikin wasu kaya da suka fito daga sabuwar masana'antar. Dole aka janye su daga kasuwa. Kamfani ya shiga matsin kuɗi, har a 2014 sai da ya karɓi rancen Dala miliyan 750 kafin ya miƙe. Saurin girma yana da nasa haɗarin, kuma tsabta ita ce ran sana'ar abinci.

Da abubuwa suka daidaita, bai manta da inda ya fito ba. Ya ɗauki 'yan gudun hijira da yawa aiki, domin ya san zafin baƙunta. A 2016 ya ware wa ma'aikatansa, su kusan 2,000, hannun jari da zai iya kai kashi 10 cikin 100 na kamfanin.

Ɗan Mai Gawayi Daga Kenya

Na biyu ɗan Afirka ne. Sunansa James Mwangi. An haife shi a 1962 a yankin Kangema, a tsakiyar ƙasar Kenya. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Mahaifiyarsa ce ta riƙe 'ya'ya 7 da ɗan noman da take yi, kuma ta dage sai sun yi makaranta. Yana yaro ya sayar da gawayi da 'ya'yan itace domin a sami kuɗin makaranta. Ya yi ƙoƙari har ya shiga Jami'ar Nairobi, ya sami digiri a fannin kasuwanci, ya zama akanta.

Ya sami aiki mai kyau a birnin Nairobi. Ga albashi, ga ofis. Amma a yankinsu akwai wata ƙaramar ma'ajiyar kuɗi mai suna Equity, wadda wani ɗan yankin, Peter Munga, ya kafa a 1984. A 1993 ta kusa durƙushewa. Babban Bankin Kenya ya bayyana cewa bashin da ke kanta ya fi ƙarfin abin da ta mallaka. Cikin ma'ajiyoyin kuɗi 66, ita ce ta 66. Ma'aikatanta 27 ne kacal. A wannan hali Mwangi ya bar aikinsa ya koma cikinta.

Me ya gani wanda wasu ba su gani ba? Ya ga mutane irin uwarsa. A wancan lokaci manyan bankuna ba su damu da ƙaramin manomi ba. Sukan ce sai ka bar kuɗi mai yawa a asusu. Sukan nemi takardu iri-iri. Mai ƙafa da ƙura yana jin tsoron shiga ƙofarsu. Mwangi ya san cewa talakan ƙauye yana da ɗan abin ajiya, kuma yana da amana, domin a cikinsu ya tashi.

Sai aka sauƙaƙa buɗe asusu. Aka daina tilasta wa mutum barin kuɗi mai yawa a ciki. Aka horar da ma'aikata su karɓi mai sayar da ganye da fara'ar da za su karɓi attajiri. Aka sa motoci masu shiga daji suna kai hidimar banki ƙauyuka. Ƙananan ajiya suka taru suka zama babba.

A 2004 Equity ta zama cikakken banki, Mwangi ya zama shugabanta. Daga baya bankin ya bazu zuwa Uganda, da Tanzaniya, da Ruwanda, da Sudan ta Kudu, da Kwango. A 2010 gidauniyar bankin ta fara biya wa 'ya'yan talakawa masu ƙoƙari kuɗin makarantar sakandare.

Akwai wata lambar girma da kamfanin Ernst & Young ke bai wa gwarzon ɗan kasuwa na duniya. A 2012 James Mwangi ya karɓe ta. A 2013 Hamdi Ulukaya ya karɓe ta. Bana ɗan mai gawayi, baɗi ɗan makiyayi.

Ɗan Magina Tukwane Daga Jigawa

Wani zai ce, ai waɗannan a nesa suke. To, ga na gida. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya fito ne daga gidan magina tukwane, kuma tun yana yaro ya san yumɓu. Ya yi karatu har ya zama malami mai koyar da kasuwanci a babbar makaranta da ke Dutse, Jihar Jigawa.

Ya ga yadda kayan lambu ke ruɓewa a ƙauyukan da ba su da lantarki. Manomi dole ya sayar a ranar da ya tsinka, ko nawa aka taya. Sai ya haɗa ginin tukunya na gado da abin da ya koya a makaranta, watau in ruwa yana bushewa yakan tafi da zafi. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba. Ya cika tsakaninsu da yashi mai jiƙa. Ya rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ana ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Cikin ƙaramar tukunyar sai ya yi sanyi.

A gwajin da ya yi, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Tumatir da barkono suka kai mako 3. Alayyafon da ba ya kwana ya kai kwana 12. Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka gina tukwane 5,000 na farko, aka raba a ƙauyukan Jigawa. Magina suka sami aiki. Manoma suka daina sayar da kaya a wulaƙance. 'Yan mata da yawa suka sami sauƙin tallar kullum, suka sami lokacin makaranta. A shekara ta 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya saboda wannan aiki.

Abin Da Ya Haɗa Su

Ɗaya ya san madara. Ɗaya ya san halin talaka. Ɗaya ya san yumɓu. Ba a jami'a suka koyi waɗannan ba, a gida suka koya. Abin da makaranta ta ƙara musu shi ne lissafi, da rubutu, da gwaji, da sanin yadda ake magana da banki da hukuma. Sanin gida kaɗai, da sun tsaya inda iyayensu suka tsaya. Boko kaɗai, da sun shiga layin masu neman aiki. Da suka haɗa biyun sai hanya ta buɗe.

Amma a faɗi gaskiya. Ba kowane mai sana'a ne zai kai inda suka kai ba. Hamdi ya sami rance, da lantarki, da hanyoyi masu kyau. A ƙauyuka da yawa na ƙasar nan babu waɗannan. Sana'o'i da yawa sukan mutu tun suna ƙanana. Ba a cewa kowa zai zama attajiri. Abin da ake cewa shi ne, yaron da ya riƙe kansa, ya ɗauki mutum 3 aiki, ya biya wa ƙannensa makaranta, ya riga ya ci nasara.

Kuma abin yi yana nan a ƙasa. Ana shigo da madarar gari mai yawa daga ƙasashen waje, alhali matan ruga suna rasa inda za su kai tasu kafin ta lalace. Tumatir yakan ruɓe a kwando lokacin kakarsa, bayan 'yan watanni kuma ya gagari talaka. Ana kai riɗi da zoɓo da gyaɗa kasuwar Dawanau da ƙasa da tsakuwa, wani ya gyara ya ci ribar. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli sana'a ce mai jiran mai ilmi.

Kira Ga Mai Share Hanya

Kai da ka gama jami'a, ko ke da kika gama, ga shawara.

1. Nemi aiki, amma kada ka zauna jiransa. Fara wani abu yau, ko da ƙarami ne. Da rarrafe yaro kan tashi.

2. Fara da abin da gidanku ya sani. Zauna da tsofaffi ka yi tambaya. Su ne malamanka na farko a wannan fage.

3. Yi tanadi tun kana hidimar ƙasa. Daga 2025 alawus ɗin ɗan hidimar ƙasa ya zama Naira 77,000 a wata. In ka ajiye Naira 10,000 kowane wata, a wata 12 kana da Naira 120,000. Hukumar NYSC kuma tana da shirin koyar da sana'o'i tun 2012. Kada ka raina shi.

4. Sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Raba aljihunka da aljihun sana'a. Jari daban, riba daban.

5. Yi wa sana'arka rajista a Hukumar CAC. In abinci ko abin sha za ka ƙulla ka sayar, nemi lambar Hukumar NAFDAC. Babban kanti ba ya karɓar kaya sai da ita.

6. Ka san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa. Akwai Hukumar NDE mai samar da aikin yi, wadda aka kafa a 1986. Akwai Hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i, wadda aka kafa a 2003. Akwai Bankin Manoma da Bankin Masana'antu. Gidauniyar Tony Elumelu ta fara shiri a 2015 na horar da matasan Afirka tare da ba su jarin Dala 5,000. Mai son sanin kiwo ya nufi cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Mai son sanin iri ya nufi cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Dukansu a Zariya suke. Masu nema suna da yawa, ba kowa ke samu ba. In an hana ka, gyara takardarka ka sake nema.

7. Yi hattara da duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka aiki ko tallafi. Da yawa sun rasa jarinsu ta wannan hanya.

8. Kada ka ci bashin da ba ka san yadda za ka biya ba. Gwada kayanka a ƙaramar kasuwa tukuna.

Kira Ga Iyaye

Ku kuma iyaye, naku aikin bai ƙare ranar da yaro ya karɓi takarda ba.

Kada ku ji kunya in ɗanku mai digiri ya ɗaura gyauto ya shiga garke, ko 'yarku mai digiri ta kafa injin matsar man gyaɗa. Masu dariya ba su ne za su ciyar da gidanku ba. Sana'a sa'a ce. Abin kunya shi ne zaman banza da roƙo.

Ku ba shi lokaci. Wanda ya dasa mangwaro ba ya girgiza shi a shekarar farko. In yaro ya fara sana'a da Naira 100,000, wannan ya karɓi 10,000, wancan ya karɓi 20,000, kafin wata 3 jari ya mutu. Sannan a ce ba shi da sa'a. Ku kare masa jarinsa kamar yadda kuke kare irin shuka daga tukunya. Kowane manomi ya san ba a cin iri.

Ku ba shi abin da kuke da shi. Ba lallai sai kuɗi ba. Gefen gona, ko ɗaki ɗaya a zaure, ko saniya ɗaya ta tatsa, duk jari ne. Sanin da ke kanku ma jari ne. Mahaifin Hamdi da ɗanɗanon harshe kawai ya nuna wa ɗansa hanya. Mahaifiyar Mwangi da dagewa ta kai ɗanta jami'a.

In 'ya mace ce mai share hanyar, ku tsaya mata. A yi maganar sana'arta da mijin da za ta aura tun kafin a ɗaura aure. Ilmin da aka sayar da tunkiya aka saya bai kamata ya ƙare a ƙasan akwati ba.

In yaro ya faɗi a gwajin farko, kada ku juya masa baya. Ku zauna tare ku duba littafin lissafinsa, a gano inda aka yi kuskure. A nan ne karatun da kuke yi a ajin manya zai yi muku rana. Uban da ya iya karanta lamba, ba a cutar ɗansa a gabansa.

Abu na ƙarshe, kada ku cire ƙanne daga makaranta don wa bai sami aikin ofis ba. Amfanin ilmi ya wuce kujera da tebur. Mai share hanya shi ke shan ƙaya. Waɗanda ke biye da shi za su tarar da hanya a share, da jagora a gaba.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro ya kawo ilminsa, iyaye su kawo saninsu da haƙurinsu, a haɗa a ɗora. Duk wanda ya ji wannan jawabi, in akwai irin wannan yaro a gidansu ko a unguwarsu, ya neme shi yau ya tambaye shi abin da yake so ya fara, da abin da za a iya taimaka masa da shi.

Allah ya yi wa 'ya'yanku albarka, ya sa albarka a sana'arsu. Wassalamu alaikum.